Kulolin da Ke Ƙarƙashin Tebur

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar maigidanki da yara.

Tun ina saurayi na taɓa jin wai mutum kan yi yunwa cikinsa a cike. Na ɗauke shi zancen bakin kasuwa. To, jiya na leƙa shagon gyaran wayar yayanki. Ɗakin da ko akuya ba za ta juya ba, wayoyin mutane a feɗe kan tebur, shi kuma ya cika kujera ya tumbatsa. Gwangwanayen lemon ƙara kuzarin nan tsibi guda, tururuwa na biki a kansu. Na ɗauki wata gora a gefen ƙafarsa, a zatona ruwan goge waya ne. Ba shi ba ne. Wai banɗaki da nisa, kuma mai waya ba ya jira. Sabulu ya wanke min hannu, bai wanke min rai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hannunsa na rawa. 'Yar ƙusa ta yi ta suɓuce masa, ya ce gajiya ce. Mai gyaran waya in babu hannu, me ya rage? Ni matarsa nake zargi, da tana girki da ba haka ba. Ke da ke aikin asibiti, me kika gani?

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Duk muna lafiya.

Kada ka ɗauki alhakin baiwar Allah. Kullum sai ta kira ni kan abin da za ta dafa masa, wake ne, kifi, ƙwai, ganye, kuma da ƙafarta take kai kula shago.

Zancen da ka ji gaskiya ne. Jiki ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da ɗan murhunta da ke mai da abinci ƙarfi. Sukari takarda ne a wuta, ya ci bal-bal sai toka. Murhun na son abincin kirki, da barci, da motsi. Lemon nan ɓoye gajiya kawai yake yi. Ka kawo shi a gwada jininsa. Ni ba ya ɗaga wayata, wai ƙanwar bayansa ba za ta yi masa wa'azi ba.

Allah Ya ƙara girma.
'Yarka.

*

'Yata,

Saƙonki ya iso, Allah Ya yi albarka.

Na koma shagon, na ce in matarka na kawo abinci ina yake shiga? Na sa sanda na ɗaga zanen tebur. Kuloli ne jere a ƙarƙashi, har da na aro daga maƙwabta. Na buɗe ɗaya. Ba zan gaya miki abin da ya fito ba, sai dai in ce yana da rai kuma ya ƙoshi. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da shi har ya fito yana cigiyar mushen ɓera.

Hujjarsa wai maiƙo na ɓata gilashin waya, ƙoshi kuma na sa barci. Matar kuwa ce mata yake ya cinye, kulolin ne ake sacewa. Na ce waya yake tausayi, da batirinta ya yi ƙasa sai ya ruga da caja. Ya ce, "Baba, kai ba ka san aikin zamani ba."

Na kwashe kulolin na wanke a bayan gida, don kada matar ta gani. Asibiti kuwa ya ce sai ya samu sarari.

Mahaifinki.

*

'Yata,

A gaida yara. Ki saurare mu a asibiti ranar Litinin.

Hannun ya zame, ƙarfen liƙi ya ƙone wayar wata mata, ta tara masa jama'a. Ya rufe shago ya zo ya zauna a gabana, cokali na kaɗawa a hannunsa, abinci na zuba a riga. Can ya ɗago ya ce, "Baba, ka san mutum kan yi yunwa cikinsa a cike?"

Na ce na taɓa ji. Wanda ya gaya min na ƙarshe dai yayanki ne.

Mahaifinki.