Sunan Marwan a Jikin Ƙuda

Litinin, 1 ga Satumba

Sunan ya mutu. *Marwania*, dangin dodon-koɗin da muka samo ni da mijina Marwan a kogon Maros, na sa musu sunansa bayan rasuwarsa. Ashe tun kafin a haife ni wani Bature ya riga ya ba wasu ƙudaje sunan, don wani Marwan ɗin daban. Dangi biyu ba sa haɗa suna, na farko ke ci. Ƙuda! Shekara shida ina yawo da sunan aro.

Kuma duk cibiyar bincikenmu ta Bogor a rasa mai ganowa sai Pak Tarigan, masanin ƙudaje. Mutumin da na yi wa kaca-kaca a taron masana na Bandung, tun lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Laraba, 3 ga Satumba

Na kasa cin abinci. Dokar raɗa wa halittu suna ta ba shi damar buga sabon suna gobe ma, nasa ya hau kai, namu ya koma ƙasan shafi. In ni ce shi, anya zan ƙyale?

Alhamis, 4 ga Satumba

Pak Tarigan ya shigo ɗakin kwalaben da muke adana dodon-koɗi, da soyayyar ayaba a takarda. Ya ce ban da ni bai gaya wa kowa ba. Al'ada ce a sanar da mai suna a ba shi shekara ya gyara da hannunsa, shi ma haka zai yi.

"Bu Nurhaeda, yaranki ne. Ni ina ruwana da masu majina? Ƙudajena sun ishe ni."

Na ce masa ƙudajensa ɓarayi ne. Ya yi dariya har da tari. Da ya fita na zauna na cinye ayabar duka. Alhamdulillahi.

Talata, 9 ga Satumba

Ruwa tun azahar. Kwalba tamanin da ɗaya ke jiran sabuwar takardar suna.

Juma'a, 26 ga Satumba

Kowa ya ce in ƙara wa sunan Marwan wani abu a wutsiya, shi ke nan. Har surukata ta kira daga Makassar, wai kar in bari a kori ɗanta daga littafi. Na rubuta sunaye huɗu, na bincika, babu mai su. Ban tura wa mujalla ba. Ban san me nake jira ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na tura jiya. Sunan kogon na sa, na Marwan yana cikin sashen godiya, da na Pak Tarigan. Mama surukata za ta yi fushi, zan je da kaina in lallashe ta.

Yau na ɓare tsoffin takardun jikin kwalaben. Ina tsammanin zan yi kuka, shiru. Shekara shida duk lacca sai na ambaci mijina gaban baƙi, murya a dake, kamar ba ni na yi masa takaba ba. Yanzu sai a addu'a kawai zan kira shi.

Kafaɗuna sun yi sauƙi. Wataƙila sabon matashin kai ne.