Yarinyar Inno

Kazaure, ranar Laraba

Baban Muhsin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin da kake ta ba mu labari? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarka. Muhsin da Ahmad suna gaishe ka. Innata Inno ma ta aiko daga Roni, ta ce in tambaye ka ko har yanzu a tsaye kake cin abinci kamar wanda ake kora.

Kada ka yi mamaki da ka ga na koma biro da takarda, na ɗauki hoto na turo maka. In ka kira, ko dai ka fito daga asibiti a gajiye, ko kuma yara sun zagaye ni, kuma maganar nan ba ta faɗuwa a gabansu.

Takardar intabiyu ta iso. Ofishin jakadancin Amurka sun ba mu rana a Legas, bayan ƙaramar Salla. Abin da muka yi shekaru muna jira ke nan, ya kamata a ce guɗa nake yi, amma na kasa.

Na zauna na karanta duk abin da abokinka Barista Mamuda ya cike mana. Ya rubuta cewa a Babura aka haife ni. Ni da ban taɓa kwana a Babura ba! Garinsu ne ya zo masa a hannu, ya ba ni kyauta. Ya kuma ƙara wa Ahmad shekara guda, yaron har yana murna wai ya kusa kamo Muhsin. Waɗannan na yi dariyarsu, don na san ana gyarawa.

Wanda ba na dariya ba shi ne, sunaye uku ne a takardar: ni, Muhsin, Ahmad. Babu yarinyar Inno. Da na bincika fom ɗin, sai na tarar ya saka ta a matsayin ƙanwata.

Na san yadda aka yi. Ranar da ya zo gida ya zauna a falo ya ce in lissafo masa yara, na ce ga Muhsin, ga Ahmad, sai kuma yarinyar Inno. Tana shigowa da ruwa ta ce, "Adda, ga shi." Ya ɗaga kai ya dube ta ya ci gaba da rubutu. Ka sani, na sani, 'yarmu ce ta fari. Tun da aka yaye ta Inno ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi a gidanmu, ta tashi tana ce mini Adda kamar yayarta, ni kuma ban taɓa kama sunanta ba saboda kunyar 'yar fari. Kai ma ba ka kamawa. Amma ai na ba shi takardun haihuwa guda uku a ambulan ɗaya, Baban Muhsin. Da ya buɗe ya karanta, da ya ga sunana da naka a kan tata.

Abin da ya fi ci mini rai, ita ce ta je shago ta bugo takardar a kan hanyarta ta dawowa daga Poli. Ta karanta kafin ni. Ta ajiye mini a kan tebur, ta ɗora kofi a kai don kada iska ta ɗauka, ta ce za ta je ta duba Inno. Har yau ba ta dawo ba. Rigar sanyin da ta saya a gwanjo saboda tafiyar tana nan rataye a bayan ƙofa.

Gobe zan je wajen Barista. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Khairiyya


Kazaure, ranar Asabar

Baban Muhsin,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Mu lafiya, yara suna makarantar allo.

Jiya da ka kira na yi shiru, ka ce ko layi ne ya yanke. Ba layi ba ne, ni ce. Yanzu ga amsata.

Na same shi a ofishinsa na Kano, fayil-fayil har kan kujerar baƙi, waya biyu suna ta kuka. Da na nuna masa, ya ɗauko ambulan ɗina daga durowa, ya zaro takardar haihuwar yarinyar, tana nan a ninke yadda na ninke ta. Wallahi na zo da faɗa a bakina, amma da na ga ya cire hula yana share zufa, ya kasa haɗa ido da ni, sai tausayinsa ya kama ni. Ya ce tun da yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yarda da shi.

Abin da ban yarda da shi ba ita ce shawararsa, wadda na ji ka maimaita mini jiya kalma da kalma. Wai mu tafi a haka, kada mu tayar da zance ana gab da intabiyu, don in aka ga 'ya ta ɓullo daga sama za a zargi duk takardunmu, a iya hana mu gaba ɗaya. Wai in mun isa sai a nema mata daga baya. Na tambaye shi daga baya yaushe. Ya yi ta juya biro, sannan ya faɗi gaskiya: da damina za ta cika ashirin da ɗaya, daga nan ta fita daga sahun yaran da ke bin iyayensu, ta shiga wani layin da ake shekaru ana jira. Ka ga ke nan daga bayan nan ba wata ɗaya ba ne, ba shekara ɗaya ba.

Sannan kuma rantsuwa za su sa in yi cewa duk abin da ke cikin fom gaskiya ne. In ɗaga hannu in ce wadda na yi naƙudarta a ɗakin Inno ƙanwata ce? Kunya daban, ƙarya daban.

Na san ka gaji. Na san ka kama gida mai ɗaki biyu kana kwana a ciki kai kaɗai, ka saya wa yara gado tun bara. Ni ma na gaji da zama matar waya. Ba na jin haushinka, amma ka sani, ba zan hau jirgi da biyu in bar ɗaya ba. Na ce wa Barista ya rubuta musu ya faɗi kuskuren da sunansa, ya sa hannu. Ya ce hakan zai iya zubar masa da mutunci a wajensu. Na ce to ya zaɓa, ko ya rubuta ko ni in rubuta da Turancina na malamar firamare. Ya ce in ba shi zuwa Litinin.

Ka huta lafiya. Ka riƙa shafa man nan a bayan.

Taka,
Khairiyya


Roni, ranar Talata

Baban Muhsin,

Assalamu alaikum. Ya gajiya, ya haƙuri da mu? Na ga saƙonka, na karanta ya fi a ƙirga. Da ka ce in yi abin da ya dace ko da za ka ƙara shekara kana jira, sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Allah ya saka maka da alheri.

Barista ya cika alkawari. Ya rubuta, ya ɗora laifin a kansa, ya haɗa da takardar haihuwarta da hotunan suna. Da kansa ya kawo mini kwafi har makaranta, ya tsaya a bakin aji kamar uban da aka kira saboda ɗansa ya yi laifi. Ya gyara Babura, ya kuma ƙwace wa Ahmad shekararsa. Yanzu amsarsu muke jira.

Daga gidan Inno nake rubuto maka. Na tarar da yarinyar tana tankaɗe, ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Da na ce ana gyarawa, sai ta ce kada mu ɓata tafiyarmu saboda ita, dama ita a nan take, wa zai kula da Inno in ta tafi. Ba fushi a muryarta, kuma rashin fushin ne ya fi yi mini ciwo. Ta riga ta yarda cewa abin da lauya ya rubuta shi ne daidai.

Na ɗauka Inno za ta ji daɗi a ɓoye, don ka san yarinyar ce idonta da ƙafarta, ita ke kai mata nono kasuwa in ta dawo hutu, ita ke karanta mata magani. Sai ta aiki yarinyar rijiya, ta zaunar da ni a gindin darbejiya ta wanke ni tas. Ta ce yarinyar nan aronta aka ba ta, kuma ba ta taɓa mantawa ba ko da mu mun manta. Ta ce ita ma ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari, Yaya Musaddiƙ, ba har ya yi furfura, amma da wani zai zo ya ce ba ɗanta ba ne, da duk Roni ta ji muryarta. Sai ta tambaye ni, in an je Legas ita Inno za a tambaya ko ni?

Daga nan ta ce in kira yarinyar da sunanta ta ji. Ga ta can tana tahowa da bokiti a ka. Baban Muhsin, na buɗe baki, wallahi ba abin da ya fito. Ni da nake kiran sunayen yara a aji kullum safiya! Kai, ko a ajin ma akwai takwararta, shekara guda ina ce mata "ke ta bakin taga". Inno ta yi tsaki ta ce in tafi in koya, tun da ni malama ce.

Ina koya. Da na leƙa gida na sake dawowa yau, a kan babur daga Kazaure na yi ta motsa baki a cikin hijabi, har ɗan acaɓa ya tambaya ko magana nake yi masa. Kada ka yi dariya. Ko ka yi, na san kai ma ba za ka iya ba.

Inno ta ce a gaishe ka, ta ba da man shanu wai a kai maka, na rasa yadda zan yi mata bayanin jirgi.

Taka,
Khairiyya


Kazaure, ranar Juma'a

Baban Muhsin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mun dawo daga Legas jiya, ƙafafuna a kumbure saboda zaman mota, amma lafiya lau. A waya na gaya maka sakamako kawai. Ga yadda aka yi.

Ka san sun amsa wa Barista cewa mu zo da ita. Shi ya kai mu tasha a Kano, yana ta ba ta haƙuri har ta fara jin nauyinsa.

Wajen babban ɗaki ne cike da mutane, jami'an suna bayan gilashi, da lasifika ake magana, duk abin da ka faɗa na bayanka yana ji. Tamu mace ce mai tabarau. Ta sa na ɗaga hannu na rantse. Ta karanta wasiƙar Barista a hankali, ta dube ni, ta dubi yarinyar da ke tsaye a bayan ƙannenta kanta a ƙasa. Sai ta ce in faɗi sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, daga babba.

Na faɗa, amma a cikin maƙogwaro. Ta matso da kunnenta ta ce ba ta ji ba. Na tuna Inno a gindin darbejiya, na ɗaga murya yadda nake yi in aji ya cika da surutu. Na ce Bahijja. Na ce 'yata ce ta fari, ni na haife ta.

Baban Muhsin, yarinyar nan waigawa ta yi. Ta duba bayanta tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta a muryata ba. Da ta gane, sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Muhsin ya tsaya baki buɗe. Ni kuma na ci gaba da amsa tambayoyi hawaye na zuba, ban share ba, don hannuna biyu suna riƙe da takardu.

Kamar yadda na faɗa maka, ba su ba mu biza ba tukuna. Za a yi mana gwajin da ke tabbatar da cewa jini ɗaya ne, ni da ita da kai, za su aiko maka da bayanin naka a can. Matar ta ce tun da an shigar da gyaran kafin ta cika shekarun, sunanta ya shiga cikin namu. Sai dai ba ta ce ga ranar da za a gama ba. Wataƙila bayan damina, wataƙila ya wuce haka. Na san abin da na ja maka ke nan, wani sanyin kai kaɗai a gidan nan. Ka yi haƙuri, ka kuma fara neman gado na uku.

A mota ba mu yi zancen ba. Wajen Lakwaja barci ya ɗauke ta, kanta ya faɗo a kafaɗata, na bar shi a nan har hannuna ya mutu. Da ta farka ta ce, "Adda, mun kusa?" Ban ce ta canja ba, ba kuma zan ce ba. Yau da safe na ga ta sauke rigar sanyin daga bayan ƙofa ta ninke ta sa a akwatina.

Inno ta aiko a tambaya ko na iya. Na ce a gaya mata duk Legas ta ji.

Ka kula da kanka, ka ci abinci a zaune. Yaranka suna gaishe ka: Bahijja, da Muhsin, da Ahmad.

Taka har kullum,
Khairiyya