Kalkuletar Malam Tambari

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau ta shigo shagona na gyara da kanta. Kalkuletar. Muhsina, ɗiyar Malam Tambari safiyo, ta ajiye ta kan teburina cikin jakar fatarta, ta ce, "Baba yac ce kai za a kawo ma, ba wani ba." Na amsa da to kamar ban gane ta ba. Ƙarya nake, tun daga bakin ƙofa na gane jakar.

Shekara ashirin da shida ke nan. Ina bin sa awon filaye, shi kuma ya yi wa mahaifina alkawarin rubuta mini takardar shiga makarantar safiyo. Ranar da kalkuletar nan ta ƙi karɓar kati sai ya ce ni na cusa mata da ƙarfi na lalata ta. Ya mare ni a ƙofar gidansa a Unguwar Rogo, gaban 'yan majalisarsa, ya kira ni maƙaryaci. Takarda ta bi ruwa. Mahaifina bai taɓa yarda da rantsuwata ba har ya koma ga Allah.

To ga ta a hannuna. Za mu gani.

Talata, 7 ga Mayu

Batirinta ya mutu tun tuni, ya yi farin gishiri. Na kankare, na ba ta wuta daga waje. Jajayen lambobin nan suka kawo tas. Biyu sau bakwai, sha huɗu. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau, ta fi ta mai ita adalci.

Ciwon na nan inda yake, wurin kati. 'Yan siraran katuna ne masu maganaɗisu, kowanne ɗauke da tsarin lissafin awo. Ka zura ta dama, ta ja, ta haddace, ta fitar ta hagu. Na zura ɗaya. Injin ya yi ƙara, kati ko motsi.

Laraba, 8 ga Mayu

Sadiyatu ta ce wai tunda abin nan ya zo ban ci tuwo da daɗin rai ba, in mayar musu da kayansu. Matata ce, amma ba ita aka mara ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na buɗe ta. Kusoshin suna ɓoye ƙarƙashin takardar baya, ba wanda ya taɓa kwance su. Wato ko duba ta bai sa an yi ba kafin ya ɗaga hannu.

Na bi da mitar gwada wuta. Wuta tana isa injin. Haƙoran injin lafiya, babu wanda ya karye, babu alamar an tura komai da ƙarfi. Ina cusawar da aka ce na yi? Sai na iso 'yar tayar roba da ke jan katin. Babu taya. Ta narke ta zama baƙin danƙo, ta manne a jikin ƙarfe kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Da farko na ce tsufa ne da zafin garin nan. Amma da na kwaso shi da tsinke na kai kusa da fuska sai na ji ƙanshi. Miski. Na ɗauko sauran katunan, duk gefensu ya yi duhu da maiƙo.

Ni ban taɓa mallakar miski ba a lokacin. Wa ke zuba katunan a aljihun gaba tare da 'yar kwalbar turarensa, ya shafa a gemu ya ɗauki kati da yatsun? Mai yana cin roba, ko mai facin taya ya san wannan. Shi ya kashe abinsa da hannunsa, ni na biya.

Na zuba danƙon a kwalin ashana. Daɗi ya kama ni, Allah Ya yafe mini.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ba zan ba Muhsina saƙo ba. A ƙofar gida aka yi mini, a ƙofar gida zan rama. Lahadi bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika. Zan bi su ɗaya ɗaya su shinshina.

Asabar, 11 ga Mayu

Na gyara ta. Na wanke ƙarfen da sifirit, na yanko robar bawul ɗin keke na zura a madadin tayar. Yanka na farko ya yi kauri, na uku ya zauna. Ta ja kati sumul. Ba don shi na gyara ba. So nake ya ga wanda ya kora shi ya tashe ta.

Lahadi, 12 ga Mayu

Majalisar da na shekara ashirin da shida ina tanadar wa magana, mutum biyu suka rage, ɗaya ma ba ya ji. Malam yana kan tabarma, ya zama rabin yadda na san shi, idanun sun yi fari. Na gaishe shi a tsaye.

Ban kai ga buɗe baki ba ya ce, "Junaidu, ka buɗe ta?" Na ce na buɗe. Ya ce, "To ka ji shi ke nan."

Na sa masa kwalin ashanar a hannu. Bai ma shinshina ba. Ya juya wajen abokansa ya ɗaga murya saboda kurman. "Yaron ga ba shi na ba, ni na. Kwalba ta tat tsiyaye cikin aljihu. Kwana ukku bayan na kore shi nig gani."

Kwana uku. Mahaifina ya yi shekara tara a raye bayan nan, gidanmu da nasa tafiyar minti goma.

Na faɗa masa haka. Na ce wanda ya kamata ya ji yana maƙabarta. Ya ce ya sani, kunya ta hana shi, kuma bai kira ni don in yafe ba, ya kira ni ne don kada ya tafi kabari da maganar. Duk jawabin da na shirya ya tashi a banza. Ko ramuwar ma ya ƙwace mini, ya yi ta da bakinsa.

Ya laluba maɓallan, ya zura kati, ta ja. Ya tambaye ni me ta nuna, don shi ba ya gani. Na karanta masa. Na tafi ban yi sallama ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Ban yafe ba. A rubuta.

Alhamis, 16 ga Mayu

Muhsina ta biyo ta shago. Wai ya wuni yana zura katuna, babu mai karanta masa da ya san ma'anar lambobin. Na ce ba ruwana.

Sai dai robar bawul ba ta da tabbas a zafin nan, dole mai gyara ya bi aikinsa. Zan leƙa gobe bayan la'asar in duba ta. Na sa tabarau ɗina a aljihu, lambobin ƙanana ne.