Shanyar Inna da Tauraron Ɗan'adam

Assalamu alaikum Inna,

Ina fatan kuna lafiya. Yaya tarin Baba? Ni ƙalau nake, barci ne kawai ya ɗan yi mini wuya.

Kin san aikina a nan: da tauraron ɗan'adam muke auna gubar farar wuta da ke cikin hayaƙin masana'antu. Da muka duba masana'antar bayan gidanmu, awon ya nuna wai tsaf take. Shugabana ya ce in sa hannu a rahoton. Na ƙi.

Na tuna ba kya shanya sai da azahar, don lokacin ne hayaƙin ke lafawa. To Inna, daidai lokacin tauraron ke giftawa ta saman gidanmu! Masu masana'antar sun gano sa'arsa, sai su rage wuta.

Da na faɗa wa shugabana, ya ce igiyar shanya ba hujja ba ce, ya mayar da teburina bakin ƙofa. Ko a jikina. Ki sa Yaya ya riƙa ɗaukar hoton bututun hayaƙin safe da yamma yana turo mini.

Da tarin Baba na girma, ina jin sa ta bango. Hannuna ba zai rubuta cewa iska mai kyau ya shaƙa ba.

Ki sa mini albarka.

Autarki