Fuskar Fidencio da Takardar Gwamnati

Hermiston, Oregon
Satumba, 2011

Zuwa ga ƙanwar mijina kuma comadre, uwar baftismar 'yata, Teodora,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Don Hilario da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara wa surukata Mama Eustolia lafiya, ya sassauta mata ciwon gwiwa, ya bar mana ita. Na ji an ce damina ta yi kyau a wurinku bana, Allah ya sa masara ta cika rumbu. Mu ma nan lafiya lau. Ina nan ina aikina a rumfar tsince albasa, idanu na ruwa, baya na ciwo, amma mun gode Allah. Ɗana Abundio yana can California da matarsa, yakan bugo waya ran Lahadi idan ya tuna. Saura ni da 'yata Araceli a gidan, sai iskar garin nan da ba ta gajiya da taɓa ƙofa kamar baƙo, in ka buɗe ba kowa.

Ki yi haƙuri da rubutun nan mai tafiya kamar sawun kaza. Kin san sai da furfura ta fito mini sannan na koyi riƙe biro, a ajin da ake yi mana a ɗakin bayan coci. Da can Araceli ke rubuta mini duk saƙon da nake aiko miki, amma wannan ba zan ba ta ta rubuta ba, don maganar tata ce, kuma akwai abin da ba na so ya bi ta hannunta. Ina roƙonki ki karanta ke kaɗai tukuna, kada ki karanta a gaban Mama.

'Yarki Araceli, wadda kika riƙe a hannu ranar baftisma, tana aiki da kamfanin ban-ruwa. Ita ke zagaya gonaki a motar a-kori-kura tana buɗe ƙofofin ruwa tana rufewa, ita kaɗai, a wuraren da za ki daɗe kina tafiya ba ki ga rufin gida ba. A tsakiyar bazara wani mutum da ba ta sani ba ya fara bin ta. Da farko daga nesa yake tsayawa. Ran nan da rana tsaka ya gindaya motarsa a kan 'yar hanyar da ke bakin magudanar ruwa, ya fito yana nufo ta yana murmushi. Allah ya taimake ta ta yi baya da mota ta cikin gonar dankali ta tsira. Ta kira 'yan sanda, sun kuma zo, amma wurin da nisa, kafin su iso ko ƙurarsa babu. Ba ta gaya mini ba sai bayan kwanaki, ina tsaye ina gasa tortilla, wainarmu ta masara, ta faɗa kamar mai ba da labarin wata. Wadda ke kan wuta ta ƙone ƙurmus ban sani ba.

A nan ta ce za ta nemi lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye, ta riƙa tafiya da ita a jiki. Comadre, na yi faɗa, na yi kuka. Na ce mata gidan da ake kunna wa Budurwa Maryamu kyandir ba a shigo da abin kisa cikinsa. Ta ce, “Mama, kyandir ɗinki ba ya tsayar da mota.” Na ce bakinta ya fi na ubanta kaifi, Allah ya shirye ta. Ta yi dariya ta rungume ni ta baya, ta ce in ci gaba da riƙe wajen addu'a, ita za ta riƙe ɗaya wajen. Da dariyar ta wuce sai ta gaya mini sauran. Wata ƙawarta ta samo mata aikin ofis a can birnin Seattle, suna jiran amsa zuwa sabuwar shekara. Ta ce tana son aikin ruwa, tana son sararin nan, amma ba za ta sake shiga wata kakar ban-ruwa hannu wofi ba. In lasisi ya samu za ta zauna, in bai samu ba za ta tattara. Ta ce in biyo ta, alhali ta san ba zan iya zaman bene a garin da ban san kowa ba, ga aikina a nan, ga cocina, ga ɗakin da ubanta ya yi wa fenti da hannunsa.

Ta yi darasin bindigar ta ci, malamin har yaba ta ya yi. Ranar kai takardu ofishin 'yan sandan gunduma na ce zan raka ta, wai ko za ta sake tunani a hanya. Wata dattijuwa muka samu a tagar, mai fara'a, har ta ba ni alewa. Tana cikin dubawa sai ta tsaya a wurin da aka rubuta garin haihuwa, ta ɗago kai ta ce duk wanda aka haifa a wata ƙasa sai ya kawo shaidar zama ɗan ƙasa, ko fasfo ko takardar da gwamnati ke bayarwa. Araceli ta miƙa lasisin tuƙi, ta ce a garin nan ta yi famfarar haƙori, a nan ta yi makaranta, Turanci ma ya fi zama a bakinta. Matar ta ce ba ta musa ba ko kaɗan, amma doka ido gare ta, ba ta da kunne, sai an nuna mata. Ta ce mu dawo duk ranar da muka samo. Ba wanda ya wulaƙanta mu, amma da muka koma mota yarinyar nan ta riƙe sitiyari ta daɗe ba ta tayar ba. Can ta ce, “Mama, ni 'yar ina ce? A ƙauye su ce ga 'yar Amurka, a nan su ce in kawo shaida.” Sai na ba ta alewar.

Mun je wurin lauyar da ke taimakon ma'aikatan gona. Ta ce Araceli 'yar ƙasa ce ba shakka, tun ranar da yayanki Fidencio ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, tunda lokacin yarinya ce a hannunsa kuma tana da katin zama. Amma ba a taɓa yi mata takarda da sunanta ba, ba ta kuma taɓa yin fasfo ba. Kafin a yi mata sai an ga takardar ubanta ta ainihi. Neman wata daga gwamnati da sunan mamaci kuwa, ta ce yana iya cin shekara ko fiye. Nawa katin ba ya amfana mata komai, don ni har yau baƙuwa ce mai izinin zama. Lokacin da ya ci jarrabawarsa ta zama ɗan ƙasa ni ko sunana ban iya rubutawa ba.

Yanzu kin gane inda na dosa, don kin fi ni sanin inda takardar take. Kin tuna ranar da na kawo gawarsa gida, akwati a rufe, Mama tana shafa katako tana cewa a nuna mata fuskar ɗanta ko sau ɗaya, shekaru ba ta gan shi ba. Tana zazzage jakarsa sai takardar ta faɗo, da ɗan hotonsa manne a gefe. Ba ta san me aka rubuta ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ɗora a ƙirji ta ce ga ɗanta ya sa farar riga. Ke kika kai ta garin Juxtlahuaca aka sa mata gilashi. Tun daga nan duk Idin Matattu ita ke tsakiyar tebur, tsakanin burodi da furanni rawaya da turaren wuta da ɗan kofin giyarsa ta mezcal. Kin taɓa gaya mini Mama na cewa da wannan fuskar yake gane ƙofar gida, in babu ita zai yi ta yawo a hanya yana neman inda aka ajiye masa abinci. Ga idin ya matso, ni kuma ga ni ina neman a ɗauke ta daga teburin.

Araceli ta ce mu buga waya shagon Don Chano a kira ki, magana ɗaya ce. Na ce ba a faɗar irin wannan a wayar da rabin ƙauye ke tsaye a layi suna saurare. Ta ce to a aika wa kaka wani hoton. Wane hoto? Kin san halin yayanki. Shekarun da ya yi ba takardar izinin zama sun koya masa kau da kai, da ya ga an ɗaga kyamara sai ya ja hula ya rufe fuska, yana cewa mai hoto da ɗan sanda uwarsu ɗaya. Ko a bikin Abundio ƙeyarsa kawai aka samu. Hotonsa biyu ne a duniya. Ɗaya na takardar, ɗaya kuma wanda abokin aikinsa ya ɗauka ba shiri a wannan ranar ta rantsuwa, a bakin ƙofa, yana dariya har ana ganin giɓinsa, da 'yar tuta a aljihun riga. Wannan shi ne a bangon ɗakina. Shi nake fara gaisarwa da safe. A gabansa na koyi karatu, ina haɗa baƙaƙe da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya, shi kuma yana ta dariyarsa. Idan Araceli ta fita aiki, shi ne mutum na biyu a gidan.

Na kai shi shago an yi mini kwafi, ya kuma fito tas, har ya fi na ainihin haske. Araceli ta ce shi ke nan, a aika kwafin. Na juya shi na sake juyawa, zuciyata ta ƙi. Na ainihin yana da lanƙwasa a gefe inda ya daɗe a aljihunsa, a bayansa kuma akwai sunansa da ya rubuta da hannunsa. Ba a karɓar ɗa daga hannun uwa a ba ta inuwarsa. Don haka na ainihin ne a cikin gwangwanin cakulan da Don Melquíades mai kai saƙo zai ba ki tare da wannan takarda, na naɗe shi a farin ƙyalle. Kwafin yana cikin durowa, ban iya rataye shi ba. Mutumin ciki kama yake da Fidencio, amma bai san ni ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, comadre. Ba na son bindigar nan, har gobe ba na so. Idan na tuna za ta kwana a gidana sai in kasa barci. Idan kuma na tuna mutumin nan yana nufo 'yata yana murmushi, sai in ji da ma biyu ke gare ta. Akwai kuma na uku, wanda ya sa ban ba ta biron ba: ina tsoron ranar da zan dafa abinci in rasa wanda zan ce wa ya huce. Ban san wanne ya fi nauyi a cikin roƙon nan ba, tsoron da nake yi mata ko wanda nake yi wa kaina. Allah ya sani.

Ga yadda nake so ki yi. Ki bari sai Mama ta ci abinci ta zauna a inuwa. Ki fara sa mata hoton a hannu, kada ki ce komai, ki bar ta ta ga dariyarsa, don rabonta da ita tun yana saurayi. Sai bayan nan ki gaya mata jikarta ce ke bukatar takardar, aro ne, za ta dawo idan an gama. In ta yarda, ki cire ta daga gilashin a hankali, kada ki ninke, ki ba Don Melquíades hannu da hannu kafin ya juyo. In kuma ta ƙi, don girman Allah kada ki ɗauka a ɓoye, kada ki matsa mata. Ita ta haife shi. Ki rubuto mini gaskiya, ni zan san yadda zan gaya wa Araceli. Ko ta yarda ko ta ƙi, hoton ya zama nata, kada ki dawo mini da shi. Ni na ga dariyar nan da idona shekaru masu yawa, ita kuwa nisa ya hana ta.

Jiya da na gama naɗe gwangwanin, Araceli ta dawo daga aiki ta leƙo ɗakina. Ta ga ƙusa tsirara a bango, da farin wurin da hoton ya bari. Ta dubi durowa, ta dube ni. Na shirya jin faɗa. Sai kawai ta cire hular aikinta, mai ƙura da warin laka, ta rataya a ƙusar. Ta ce, “Ki ajiye mini nan, Mama, kafin takardar ta zo.” Yau da safe da wata hular ta fita. Ni kuma da na farka na juya wajen bango yadda na saba, har na gaida hular kafin in tuna.

Ki gaida mini Don Hilario da kyau, da Nicanor da Adelfa da jaririnta da ban gani ba tukuna. Ki gaida inna Petrona da mutanen gidan Don Chano. Ki sumbaci hannun Mama Eustolia a madadina, ki nema mini albarkarta, ni da Araceli. Idan kun je kabarinsa ranar idi, ki gaya masa ni na rubuta wannan duka da hannuna, ba wanda ya taya ni. Ina sauraron amsarki, ina duban hanya.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Crispina