Ranar da Rinin Ya Kama

Ya sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, matata mai taurin kan da na fi so a duniya,

Kwana uku ina kiran wayarki a kashe, Yayarki kuma ta ce tunda kika koma wurinta kin hana a yi zancen asibiti a gidanta. To, ga takarda, ita ba a kashe ta.

Shekara tara ina aiki a ɗakin gwaji, ban taɓa tsoron gilashi ba sai ranar Talata. Kin san aikinmu: a kawo ɓargon mai sankarar jini, mu shimfiɗa a gilashi, mu zuba rini, mu nemi sinadarin furotin ɗin nan da ke hana ƙwayoyin cutar mutuwa. In ya yi yawa sai rinin ya kama, alamar cutar za ta iya gagarar magani. Ba ma ganin suna, sai lamba. Ranar nan rini ya kama, ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta. Ni kuwa, sakarai, har da kiran abokin aikina ya zo ya ga gwanintar hannuna! Ina yabo ina murmushi, sai idona ya sauka kan lambar. Wayyo ni! Lambar da na haddace a layin ganin likita ce, katinki a hannuna, kanki a kafaɗata, kina tsokanata wai na fi ki kama da majinyaci.

Na janye hannuna, abokin aikina ya sake gwajin da kansa. Haka ya sake fitowa.

Na sani kin ji sauƙi. Gashinki ya fara tsirowa, kina cin abinci, an ce har dariyarki ake ji daga ƙofar gida. Wallahi wannan sauƙin ne yake hana ni sukuni, don na ga abin da ke kwance a ƙarƙashinsa, ya yi lamo kamar garwashi cikin toka. Yaya zan yi da idon da ya gani? Wa zan kai wa kuka, tunda ke ce mai share min hawaye?

Likitarki ta gaji da kira, ta ce in gaya miki. Akwai wani magani da aka yi don wannan furotin. Ba ta yi alkawarin komai ba, ta dai ce kada a wuce Litinin. Na tuna kin rantse ba za ki sake kwanciya a gadon asibiti ba. Ki yi kaffara, farin watana, ni zan taya ki. Ki zage ni, ki yi fushi da ni shekara guda, in dai kina nan kina yi.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas ina ƙofar gidan Yaya da katinki. In kin ƙi fitowa, a nan rana za ta faɗi ta same ni.

Naki, yau da gobe da abin da Allah Ya rubuta bayansu,
mijinki, wanda bai ƙara yabon gilashi ba tun ranar Talata.