Kiɗan Hadiza, Sunan Bashir

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Mu nan garin Largo lafiya lau, sai dai raina a jagule yake.

Ranar Asabar aka yi bikin kiɗa a makarantar yarana. Wata uku Hadiza tana tsara kiɗanta a fiyano, amma babansu ya ce budurwa ba za ta hau dandamali ba. Ni da bakina na ce ta bar wa ƙanenta Bashir ya kaɗa. Aka buga sunansa a takarda, aka tafa masa, har malaminsu ya ce zai nema masa gurbi a makarantar kiɗa.

A mota Hadiza ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Umma, ya yi sauri a tsakiya." Tun ranar ba ta taɓa fiyanon ba.

Sai na tuna waƙoƙin Islamiyya da kike tsarawa a Zariya, wanmu Yaya Sani yana rerawa ana yabonsa. Ban taɓa tambayarki yadda kika ji ba.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Gobe zan gaya wa malamin gaskiya, kuma babansu bai san zan faɗa ba tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi